Daga Boɗinga Zuwa Shagari: Kazar Da Ke Kwana Kan Danshi Da Kifin Da Ya Fi Ƙarfin Tanki

Duk wanda ya saba bin hanyar da ta tashi daga Sakkwato ta ratsa Boɗinga da Shagari ta nufi Tambuwal, ya san kiwo ba baƙon abu ba ne a wannan yanki. Abin da ya sauya a 'yan shekarun nan shi ne wurin da ake yin sa. A da kaza tana wuni a bayan gida tana tono, da magariba ta hau danga ko ta shige akurki, kifi kuwa yana gulbi sai masunci ya je ya same shi. Yanzu sai ka shiga gidan malamin makaranta ko na ma'aikacin ƙaramar hukuma ka tarar da ɗakin bulo cike da kajin turawa, a gefe ga tankin roba ko na tamfol da tarwaɗa a ciki. A falon wasu ma har da akwatin gilashi mai kifin ado.

Ba ni da ja a kan wannan. Albashi ba ya kai wata, kuma matar da ke da kaji talatin tana da abin da za ta sayar ranar da yaro ya kwanta. Abin da ke damuna shi ne yadda muke lissafi. Ka tambayi mai kaji kuɗin buhun abinci, zai faɗa maka ba tare da ya duba takarda ba. Ka tambaye shi yaushe rabon da ya juya shimfiɗar ɗakin, sai ya tsaya tunani. Sa'ad da kaza ke yawo, rana da ƙasa ne ke shanye kashinta, gulbi kuma ke wanke ƙazantar kifi. Ranar da muka tsare su, wannan aikin ya dawo wuyanmu, ko mun sani ko ba mu sani ba.

Bari in fara da kazar. Zarnin nan da ke dukan hanci idan aka buɗe ɗakin kaji da safe, iskar amoniya ce, wadda ke fitowa idan ƙananan ƙwayoyin halitta suka ruɓar da kashin kaji a cikin danshi. Masana kiwon kaji sun daɗe da cewa kada ta wuce kashi 25 cikin miliyan na iskar ɗakin. Ba kowa ke da na'urar awo ba, amma kowa yana da ido. Ka durƙusa ka kai fuskarka daidai tsayin kazar, ka ɗan jima. In idonka ya fara yaji, to ka sani haka take kwana kullum. Iskar tana ƙona idon kaza, tana raunana hanyar numfashinta, ta buɗe wa mura da sauran cututtuka ƙofa. Danshin da ya haife ta kuma shi ne ke raya ƙwayar cutar gudawar jini da ke kashe 'yan tsaki. Sai mai kaji ya ruga kantin magani ya sayo gari ya zuba a ruwa, alhali ciwon yana ƙarƙashin ƙafar kajin.

To, me za a shimfiɗa? A nan ne nake ganin mun ɗauko ɗabi'ar da ba tamu ba. Littattafan kiwon kaji da masu koyarwa a intanet sun fi ambaton sassaƙen katako, domin inda aka rubuta su akwai daji da injinan katako. Mu a ƙasar Sakkwato katako baƙo ne, daga kudu ake hawo da shi, kuma abin da ake samu wurin kafintoci galibi gari ne mai laushi, gauraye da ƙusa da ɓurɓushin fenti. Ɗan tsako a makonsa na farko bai san bambancin wannan gari da abinci ba, sai ya cika cikinsa da shi ya tsumbure. In kuma garin ya taɓa jiƙewa a tsibi, yakan yi fumfuna, kuma fumfunar nan in ta shiga huhun ɗan tsako za ka gan shi yana buɗe baki yana haki har ya mutu. Ɓawon gyaɗa ma haka yake in an tara shi da danshi.

Abin da muke da shi a yalwace shi ne ɓuntun shinkafa. Daga fadamun Wurno da Goronyo har zuwa ƙasar Kabi shinkafa ake nomawa, kuma a bakin injin casa ɓuntun yakan taru har a rasa inda za a kai shi. Ba ya shan ruwa kamar katako, wannan gaskiya ne, amma ba ya saurin dunƙulewa, yana barin iska ta ratsa shi, kuma kaza tana jin daɗin tona shi, wanda hakan ma juyawa ce. A ganina shi ya fi dacewa da mu, muddin busasshe ne, an kuma zuba shi da kaurin da ya kai santimita biyar zuwa goma. Yashi yana da amfaninsa a watannin Maris zuwa Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40 kaji su buɗe fukafukai suna neman wuri mai sanyi, amma wanda ya kwantar da 'yan tsaki a kan yashi cikin hunturu zai wayi gari ya tarar sun hau kan juna sun danne na ƙasa. Tsohuwar jarida kuwa santsi gare ta, tana talle musu ƙafa.

Akwai kuskure ɗaya da nake yawan gani wurin iyayenmu mata, kuma da kyakkyawar niyya suke yin sa: barbaɗa toka a kan shimfiɗa don ta kashe wari. Toka takan busar da saman, amma tana sa amoniyar ta ƙara tashi sama. Wurinta shi ne wani kasko daban a gefe, a gauraye da yashi, inda kaza za ta yi birgima ta kakkaɓe ƙuma. Gwajin shimfiɗa kuwa a tafin hannu yake. Ka damƙi kaɗan ka matse. In ta dunƙule ta zauna kamar fura, ta jiƙe da yawa. In ta ɗan haɗu ta wargaje, daidai ne. A kwashe ta ƙarƙashin mashaya da zarar ta jiƙe, kada a jira sai an sayar da kajin. Abin da aka kwashe ma ba shara ba ne, manoman albasa sun san darajarsa, sai dai a tara shi ya huce na wasu makonni, domin ɗanyensa yana ƙona shuka.

Wannan amoniyar ce dai ke cikin tankin kifi. Kifi yana fitar da ita kai tsaye cikin ruwan da yake numfashi a ciki, kuma dafinta yana ƙaruwa idan ruwan ya ɗumama, abin da ke nufin zafin Sakkwato yana cutar mai tanki fiye da yadda yake cutar takwaransa na Jos. Tarwaɗa tana ruɗin mai ita, domin tana iya leƙowa sama ta shaƙi iska, don haka takan rayu a ruwan da karfasa za ta mutu a cikinsa tun jiya. Mai tanki ya ga ba ta mutu ba, sai ya ɗauka lafiya lau. Amma ruwa ba ya tsami banza. Kifin da aka saya kamar ɗan yatsa, in yana samun abinci, cikin wata shida yakan kusa kilo guda, tankin kuwa yana nan yadda yake. Manyan su fara cinye ƙananan, fata ta fara gyambo, abincin da ake zubawa ya daina komawa nama. Haka kifin ado: jajayen nan da ake sayarwa a leda suna iya kai tsawon santimita talatin, su kuma rayu fiye da shekara goma, wanda mai sayarwa ba zai faɗa maka ba.

Idan abin ya kai nan, shawarar da na fi ji a bakin mutane ita ce a kai su dam ɗin Shagari ko wani tafki a sake su, a samu lada. Wannan ita ce shawarar da ta sa na ɗauki alƙalami. Dam ɗin ba na mutum ɗaya ba ne. Akwai masuntan da tukunyarsu ke dogaro da shi, akwai manoman rani da makiyaya. Kifin tanki yana iya ɗauke da cutar da kifin dam bai taɓa haɗuwa da ita ba. Wani iri kuma da ake sayarwa a gidajen ƙyanƙyasa haɗin tarwaɗa ne da ramboshi, mai saurin girma da haɗama. Na ado kuwa baƙi ne daga wasu nahiyoyi. Akwai wani mai baki kamar mazuƙi da ake sakawa don ya lashe gansakukar gilashi, asalinsa daga Kudancin Amurka. A ƙasar Meziko irinsa ya mamaye dam ɗin Infiernillo har ya durƙusar da sana'ar masuntan karfasa, yana cika musu koma da kifin da ba mai saye, yana yaga ta da ƙayarsa. Bangaladash ta kai ga haramta shigo da shi da kiwonsa a 2023. Ko giwan ruwa, wanda muke alfahari da shi a Argungu, da aka kai shi tafkin Biktoriya a shekarun 1950, yana cikin abubuwan da suka shafe nau'o'in ƙananan kifaye kusan ɗari biyu. Kifin da aka saka a babban ruwa, babu komar da za ta sake tattaro shi.

Mafita ga tarwaɗa ba ta da wuya. Sabo da kaza ba ya hana yanka ta, haka sabo da kifi. Tukunya tana nan, masu banda suna nan. Wadda ta girma lafiya kuma, masu ƙyanƙyasa sukan nemi irinta don ƙwai. Na ado shi ne mai wuyar sha'ani. A fara da wanda ya sayar da shi, ko wani mai akwatin da ya fi girma, ko a nemi shawara a sashen nazarin kifi na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, wadda ba ta da nisa da mu. Zan so in ga sassan noma na ƙananan hukumomin Boɗinga da Shagari sun zauna da sarakunan ruwa sun fitar da magana ɗaya a kan sakin baƙon kifi, tun abin bai zama labari ba.

In an sami mai karɓa, ɗaukar ma tana da ƙa'ida. A hana kifin abinci kwana guda don kada ya ɓata ruwan a hanya. A tashi da asuba kafin kwalta ta ɗauki zafi, a cikin jarkar da aka yanke samanta, da ruwan da ya saba da shi zuwa rabi. Kada a sa tarwaɗa a buhu, ƙayar gefenta takan maƙale ta karye. Idan an isa, a riƙa ƙara ruwan sabon wurin kaɗan-kaɗan har zafinsu ya daidaita, sannan mai karɓa ya ware baƙon a wani mazubi na mako biyu kafin ya haɗa shi da nasa.