DAGA AKWATIN MASU SAURARO: Abincin Kaji, Na Buhu Ko Haɗin Gida?

A wannan mako takardu uku ne suka zo mana a kan magana ɗaya. Wata baiwar Allah daga Malumfashi ta ce tana da kajin Hausa 14 da ke yawo a tsakar gida, ga shi maƙwabciyarta ta ce mata sai ta riƙa saya musu abincin buhu kafin su yi ƙwai sosai. Wani ɗan kasuwa daga Giwa kuma ya ce ya zuba kajin ƙwai 50 a bayan shagonsa, kuɗin abinci na neman cinye masa jari, shi ne yake tambaya ko ya koma haɗawa da kansa tun da yana da masara a rumbu. Na uku wani matashi ne daga Maraɗi, ya sayo 'yan tsakin buroila 30 don salla, yana so ya san ko dusa da tsakin dawa za su wadatar. Mun gode da takardunku, ga amsa.

KAZAR CE KE ZAƁAR ABINCINTA

To, da farko dai ku ukun nan tambayarku ɗaya, amma amsarku ba ɗaya ba ce, domin kajinku ba iri ɗaya ba ne. Kafin mutum ya tambayi wane abinci ya fi araha, sai ya fara duba wace irin kaza ce za ta ci, kuma kwananta nawa a duniya.

Kazar Hausa ita ke nemar wa kanta. Tana tono, ta ci gara, ta ci tsutsa da fara da ɗanyen ganye da tsabar da ta zube a bakin turmi. Ƙwan da takan yi a shekara bai cika wuce 40 zuwa 60 ba, saboda takan tsaya ta yi kwanci, ta kuma yi renon 'ya'ya. Ko da za a cika mata kasko da abincin kamfani kullum, ba za ta zama kazar gidan gona ba, don halittarta ke nan.

Ita kuwa kazar ƙwai ta gidan gona, irin su ShikaBrown da Cibiyar Binciken Dabbobi ta Shika kusa da Zariya ta fitar, an zaɓo irinta ne don ƙwai kurum. Irin waɗannan kaji in sun samu kulawa sukan yi ƙwai 270 zuwa 300 a shekara. Buroila kuma cikin mako 6 zuwa 8 takan kai kilo 2 ko fiye, bayan ta ci abinci wajen kilo 4 zuwa 5. Waɗannan kaji a kulle suke, ba su da inda za su je su cike giɓin abin da aka rage musu. Abin da ka zuba a kasko, shi ke nan duniyarsu.

ME KE CIKIN BUHUN NAN?

Ba wani asiri ba ne a cikin buhun kamfani. Fiye da rabinsa masara ce, wato abin da ke ba da ƙarfi. Sai waken soya ko ƙulin gyaɗa, masu ba da sinadarin gina jiki da ake kira furotin. Sai dusar alkama, da garin ƙashi, da garin dutsen laimiston don ƙarfin ƙashi da ɓawon ƙwai, da gishiri kaɗan, da wani gari da ake kira firimiks mai ɗauke da bitamin iri-iri. Abin da kamfani ya fi ka da shi biyu ne: sikeli da injin cakuɗawa.

Dalilin da ya sa hatsi kaɗai ba ya isa shi ne, furotin da ke cikin masara kashi 8 zuwa 9 ne kawai cikin 100. Dawa da gero sun ɗan ɗara kaɗan, wajen kashi 10 zuwa 11. Alhali kuwa ɗan tsakon buroila na bukatar kashi 22 zuwa 23, kazar da ke ƙwai kuma kashi 16 zuwa 17. Waken soya yana da kusan kashi 38, ƙulin gyaɗa kuma ya kai 45. Ka ga ke nan dole a haɗa su kafin lissafi ya cika. Har ila yau, ɓawon ƙwai ɗaya tak yana ɗauke da kalsiyam wajen giram 2. Kazar da ke ƙwai kusan kullum, in ba ta samu wannan a abinci ba, daga ƙashinta za ta ciro. Shi ya sa za ka ga ƙwai na zuwa da taushin ɓawo, kaji na fasa ƙwansu suna sha, wata ma ta gurgunce.

Abincin buhu kuma kala-kala ne. Akwai sitata na 'yan tsaki, akwai girowa na masu tasowa, akwai leya na masu ƙwai, akwai finisha na buroila da ta kusa kasuwa. Kada a ba 'yan tsaki leya, yawan kalsiyam ɗin yana lalata musu ƙoda. Sa'an nan a kula, wasu buhunan sitata ana sa musu maganin kashin jini, wanda guba ne ga doki da jaki. Kada a bari su kai baki.

LISSAFIN ƘWAI, BA LISSAFIN BUHU BA

Malam na Giwa, kukanka gaskiya ne. Abinci shi ke cin kashi 60 zuwa 70 cikin 100 na kuɗin kiwon kaji, kuma kowa ya ga yadda masara da waken soya suka yi tashin gwauron zabo a 2023 da 2024, har gidajen gona da dama suka rufe. Amma fa araha ba ta ado. Zo mu zauna mu yi lissafi.

Kazar ƙwai takan ci giram 110 zuwa 120 a rana. Kaji 50 ke nan kilo 6 a rana, buhu mai kilo 25 kuma kwana 4 zai yi maka. In kajin na ba ka ƙwai 40 a rana, buhu ɗaya ya haifar maka ƙwai 160, wato kiret 5 da ƙwai 10. Alal misali, mu ce ka sayi buhun naira 16,000. Kowane ƙwai ya ci abincin naira 100. To, sai ka koma haɗin gida da ka, ba awo, kilo 25 ya tsaya maka naira 12,000, kana murna ka rage 4,000. Amma kajin suka sauko zuwa ƙwai 25 a rana, wato 100 a kwana 4. Yanzu kowane ƙwai ya ci naira 120. Ka ga an yi gudun gara an faɗa gidan zago. Waɗannan kuɗi misali ne, sai ka sa farashin kasuwarku ka buga da kanka. Kuma masarar da ke rumbunka ma a sa mata kuɗi, domin da ka kai ta kasuwa sayenta za a yi.

Wannan ba ya nufin haɗin gida ba shi da riba. Yana da riba ƙwarai ga wanda ya sayi hatsi da kaka lokacin da yake da sauƙi, yake da sikeli, kuma yake kusa da shagon da ake sayar da kayan haɗi.

GA MAI SON HAƊAWA

Ga haɗi ɗaya na kajin ƙwai, a kan kusan kilo 100: masara kilo 52, waken soya kilo 15, ƙulin gyaɗa kilo 8, dusar alkama kilo 13 da rabi, laimiston kilo 8, garin ƙashi kilo 2 da rabi, gishiri giram 300, firimiks na leya giram 250, sai mesiyonin giram 150 da laisin giram 100, waɗanda duk a shagon kayan kaji ake samunsu. Mai 'yan kaji kaɗan sai ya raba kowanne gida goma, ya haɗa kilo 10.

Amma akwai sharuɗɗa. Na ɗaya, a auna da sikeli, ba da mudu ko tiya ba, don mudun dusa da mudun masara ba nauyinsu ɗaya ba. Na biyu, ba a ba kaza ɗanyen waken soya. Akwai wani abu a cikinsa da ke hana ta narkar da abinci, sai wuta ke kashe shi. A soya shi a kasko kamar gyaɗa har ya yi ruwan ƙasa-ƙasa, ƙamshi ya tashi, amma kada ya ƙone. Na uku, a ɓarza hatsin ya zama tsaki-tsaki, kada a niƙe shi lilis kamar garin tuwo. Na huɗu, ƙananan kayan nan na giram-giram a fara cakuɗa su da dusa kilo 2 ko 3, sa'an nan a barbaɗa a kan babban tarin, a yi ta juyawa da shebur a kan siminti ko tamfol mai tsabta. In gishiri ya taru wuri ɗaya yana iya kashe kaza. Kuma laimiston ba kanwa ba ce, ba kuma farar ƙasar shafen ɗaki ba ce, kada a musanya.

Wanda ba shi da masara zai iya sa gero, ko dawa fara-fara, ko kaura. Jar dawa mai bauri ita ce a rage, don tana rage cin abinci. Ɓuntun shinkafa kuwa cika ciki ne kawai. Ganyen zogale da aka busar a inuwa, kilo 2 ko 3 a cikin 100, yakan sa gwaiduwa ta yi ja.

Babban abokin gaba a haɗin gida shi ne hatsin da ya yi fumfuna. Mutanenmu sun saba cewa masarar da ta lalace a ba kaji. Wannan kuskure ne mai tsada. Fumfunar gyaɗa da masara na fitar da wata guba da ake kira afalatoksin, mai lalata hanta. A shekarar 1960 talo-talo fiye da 100,000 suka mutu a Ingila bayan sun ci ƙulin gyaɗar da aka kai daga Barazil, daga nan ne ma masana suka gano wannan guba. Dafawa ko soyawa ba ya kawar da ita. Duk abin da ya canza launi, ya dunƙule, ko yake warin rumar ɗaki, a zubar.

HANYAR TSAKIYA

Akwai abin da ake kira konsantiret, shi ma a buhu yake zuwa. Kamfani ya riga ya haɗa furotin da bitamin da sauran ƙananan kaya, kai kuma ka kawo masararka da dusarka ka cakuɗa bisa awon da aka rubuta a jikin buhun. Ga manomin da ke da hatsi a rumbu amma ba shi da sikelin giram, wannan ita ce hanya mafi sauƙin haɗari. Malam na Giwa, da ita muke ba ka shawarar ka fara. Ka ware kaji 10 ka gwada a kansu mako uku, kana rubuta ƙwan kowace rana. Kuma kada ka sauya abinci dare ɗaya. Ka riƙa gauraya sabo da tsoho kaɗan-kaɗan har mako guda, in ba haka ba ƙwai zai faɗi.

Shi ma na buhu ba a saye da ido rufe. A duba ranar da aka yi shi, a duba ɗinkin bakin buhu, a shinshina. A ajiye shi a kan katako nesa da bango da ɓeraye, kada kuma a sayi wanda zai wuce wata guda, musamman da damina.

HAJIYA TA MALUMFASHI DA SAURAYIN MARAƊI

Hajiya, manyan kajinki ba sa bukatar buhu. Ki ba kowace cikin tafin hannu ɗaya na tsaba da dusa da safe, da kuma yamma don su saba dawowa akurki. Da rani, lokacin da ƙwari suka yi ƙaranci, ki ƙara musu garin ƙuli marar yaji da gishiri, ko sauran busasshen kifi. Ɓawon ƙwai a gasa, a daka, a ajiye musu a gefe. Ana kuma tara gara da tsohuwar tukunya: a cusa mata busasshiyar kashin shanu da kara, a yayyafa ruwa, a kife ta kusa da shuri, washegari a juye wa kaji. Inda kuɗinki zai yi aiki shi ne kan 'yan tsaki, domin a makonnin farko ne akasarinsu ke mutuwa. Ki sayi sitata ko da kilo 2 ne daga masu aunawa, ki zuba a ƙarƙashin kwando mai ƙofar da ɗan tsako kaɗai zai shiga, har su yi mako 4 zuwa 6.

Kai kuma saurayi, dusa da tsakin dawa ba za su kai buroila salla da nauyi ba. Za ta ci, ta yi gashi, amma ƙirji ba tsoka. Ka ba su sitata na buhu mako 4 na farko ba ragi, daga nan ka koma finisha, ko konsantiret da masararka. Kaji 30 za su ci wajen buhu 5 zuwa 6 kafin su isa yanka. In kuɗin hannunka ba zai kai nan ba, gara ka sayar da 10 tun yanzu ka ciyar da 20 da kyau.

Ku duka kada ku manta da ruwa mai tsabta, don kaza takan sha ninki biyu na nauyin abin da ta ci, da zafi ma fiye. Kuma abinci komai kyansa ba ya hana cutar Niyukasal da ke share kaji da hunturu. Akwai rigakafinta da Cibiyar Vom ta Jihar Filato ke yi, a nemi malamin dabbobi na yankinku kafin iska ta kaɗa.

Nan za mu dakata. Mai tambaya a kan kiwo ko noma ya aiko da takardarsa, ya faɗi irin dabbar da yawanta da garinsu. Allah ya sa albarka a akurki da rumbu. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.