Neman Bizar Karatu: Lissafin Kwanaki, Maganar "Weba" da Abin Yi Idan An Yi Jinkiri

Duk lokacin da 'yan HND 2 suka fara kare furojet, hira a hostel takan koma kan abu biyu: bautar ƙasa, da fita waje ƙaro karatu. A cikin hirar fitar kuwa za ka ji maganganu iri-iri. Wani ya ce akwai ejan a Abuja mai fito da biza cikin kwana uku. Wani ya ce idan kana da "weba" ba sai ka cika sharuɗɗa ba. Wata ta ce wata biyu ke nan shiru, tabbas an hana ta. Na ga ya dace in tattara abin da na sani a wuri guda, in fi ba da ƙarfi kan Birtaniya tunda can mafi yawanmu ke hange, sannan in taɓa Amurka.

Abin da nake so ka riƙe shi ne, biza lissafin kwanaki ce da gaskiyar takarda. Jinkiri kan iya sa ka rasa zango ɗaya na karatu. Takardar bogi kuwa shekara goma take ci a Birtaniya, a Amurka kuma tana iya rufe maka ƙofa har abada.

Gyara sunanka tun yanzu

Mu nan Arewa muna da wata matsala da ba mu ɗauke ta komai ba sai ranar da ta tare mu. A takardar WAEC kai Muhammad ne, a NIN Mohammed, a fasfo Muhammadu. Ko kuma a sakandare ka yi amfani da sunan garinku a matsayin suna na uku, a foli ka koma sunan kaka. Ga kuma ranar haihuwa da ta bambanta daga wannan takarda zuwa waccan. Jami'in biza bai san cewa a wurinmu duk mutum ɗaya ne ba. Takarda yake karantawa. To, tun ran gini ran zane. Ka baje takardunka a kan katifa yau ɗin nan ka gwada su. Inda suka saɓa, a je a gyara NIN, a yi takardar rantsuwa a kotu, kafin a nemi fasfo. Wannan aikin shi kaɗai kan ci watanni, kuma ba a yin sa ana saura sati uku a fara karatu.

Ka kuma tambayi jami'ar da kake so, a rubuce, yadda take ɗaukar HND. Wasu na karɓar ta kai tsaye zuwa digiri na biyu, musamman idan sakamakon ya yi kyau ko akwai ƙwarewar aiki. Wasu sai ka yi shekara ɗaya ta cikon digiri, ko kwas na share fage. Kowace da tsarinta.

Takardu huɗu, kowace da agogonta

Bizar ɗalibi ta Birtaniya ana iya neman ta tun saura wata shida a fara karatu, kuma a ƙa'ida amsa kan fito cikin sati uku ga mai nema daga waje. Sai dai kafin ka kai nan akwai abubuwa huɗu, kowanne da ranar da yake mutuwa.

Na farko, CAS. Wata lamba ce da jami'a ke ba ka bayan ta tabbatar ta ɗauke ka, galibi bayan ka biya wani kaso na kuɗin makaranta. Dole ka yi amfani da ita cikin wata shida, kuma sau ɗaya ake amfani da ita. Idan an hana ka biza, sai ka koma neman sabuwa.

Na biyu, gwajin tarin fuka. Duk wanda zai zauna fiye da wata shida kuma daga Najeriya yake, sai ya yi shi, a asibitin da hukumar Birtaniya ta amince da shi kawai. Sakamakon wani asibiti daban, komai girmansa, ba a karɓa. Takardar wata shida take yi. Idan hoton ƙirjin bai fita sarai ba, za a nemi gwajin majina, wanda kan kai sati takwas. Ka ga wanda ya bar shi sai watan Agusta, alhali karatu Satumba ne, ya saka kansa a tsaka mai wuya.

Na uku, ATAS. Wannan ya shafe mu sosai 'yan injiniya da kimiyya. Wasu kwasa-kwasan gaba da digiri na buƙatar wannan takardar izini daga ma'aikatar harkokin wajen Birtaniya. Kyauta ce, amma tana iya cin sati shida ko fiye. Jami'a za ta faɗa maka idan kwas ɗinka na ciki. Ranar da ta faɗa, ranar za ka nema.

Na huɗu, kuɗi, kuma a nan aka fi faɗuwa. Sai ka nuna ragowar kuɗin makaranta na shekarar farko, da kuɗin zama na wata tara. Daga Nuwamban 2025, kuɗin zaman ya koma fam 1,529 a wata ga mai karatu a Landan, fam 1,171 ga na wajenta. Wato na wajen Landan zai nuna fam 10,539 bayan kuɗin makaranta. Kuɗin nan sai sun kwana 28 a jere a asusu ba tare da sun yi ƙasa da adadin ba ko da na yini ɗaya, kuma rana ta ƙarshe a takardar bankin kada ta wuce kwana 31 kafin ranar da ka nema. Canji kuma na ranar da ka shigar da takarda ake lissafawa. Kowa ya san halin naira, don haka a sa rara a kai.

Ga wani abu da ya ci karo da al'adarmu. A gidajenmu kawu, baffa ko yaya ne kan ɗauki nauyin karatu, kuma ba abin mamaki ba ne. Amma ƙa'idar ta ce asusun ya zama naka, ko na mahaifi, mahaifiya ko wanda doka ta ba riƙonka, tare da takardar haihuwa da wasiƙar amincewarsu. Asusun baffa ba ya shiga, ko shi ya rene ka. Idan shi zai biya, ya turo kuɗin asusunka da wuri, a fara ƙirga kwana 28 daga nan, kuma ka iya bayanin inda suka fito. Wanda gwamnati ko wata hukumarta irin su PTDF ta ɗauki nauyinsa, wasiƙar ɗaukar nauyin ce hujjarsa.

Kuɗin bizar kanta ya koma fam 524 a Afrilun 2025, ga kuɗin kiwon lafiya fam 776 na kowace shekara. Idan an hana ka, na lafiyar ake mayarwa, na bizar ya tafi. Adadin nan suna sauyawa, don haka a duba shafin gwamnatin Birtaniya ranar da za a biya. Masu iyali kuma su sani, tun Janairun 2024 mai digiri na biyu na zaman aji ba ya tafiya da mata ko miji da yara, sai mai karatun bincike ko wanda gwamnati ta tura.

Wai mece ce "weba"?

Kalmar tana nufin a ɗauke wa mutum wani sharaɗi. Matsalar ita ce abubuwa daban-daban ake kira da ita, 'yan damfara kuma da wannan ruɗanin suke cin abinci.

Akwai ɗauke jarrabawar Turanci. Jami'o'in Birtaniya da dama na karɓar C6 ko sama da haka a Turancin WAEC a madadin IELTS. Wannan hukuncin jami'a ne, ita za ta rubuta a CAS ɗinka, ba a sayen sa. Haka wasu makarantu kan yafe kuɗin fom idan ka roƙa ta imel.

Akwai ɗauke ganawar ido da ido a ofishin jakadancin Amurka, wanda a da masu sabunta biza ke mora. Daga Satumban 2025 an taƙaita shi ƙwarai, kusan kowa sai ya bayyana da kansa.

Akwai kuma yafiya ga wanda dokar Amurka ta riga ta haramta wa shiga, misali saboda ya taɓa yin ƙarya a takarda. Wannan jami'in biza ne ke ba da shawara, hukumar tsaron cikin gida ta Amurka ta yanke hukunci, kuma ba haƙƙin kowa ba ne. Sharaɗin kuɗi na kwana 28 da gwajin tarin fuka kuwa, ba wani ejan da ke da ikon ɗauke su. Duk wanda ya ce ka kawo kuɗi ya samo maka, kuɗinka yake so, wallahi.

Game da Amurka

Hanyar ita ce takardar I-20 daga makaranta, kuɗin SEVIS dala 350, fom ɗin DS-160, kuɗin biza dala 185, sai ganawa a Abuja ko Legas. Amma 2025 ta zo wa 'yan Najeriya da sauye-sauye. A watan Yuli aka mayar da yawancin bizoji na wata uku, shiga ɗaya. A watan Disamba kuma aka saka Najeriya cikin ƙasashen da aka dakatar wa wasu nau'o'in biza har da ta ɗalibai, daga 1 ga Janairun 2026. Saboda haka kada ka biya ko kobo sai ka karanta sanarwar da ke shafin ofishin jakadancin a ranar, ka kuma tuntuɓi ofishin ɗaliban waje na makarantar.

Waɗanda suka riga suka yi ganawa su san bambancin lambobi biyu. Idan takardar da aka miƙo maka ta ce 214(b), jami'in bai gamsu cewa za ka dawo gida ba ne. Ba ɗaukaka ƙara, ba yafiya. Sai dai ka sake nema da sabon kuɗi idan wani abu ya canza a halinka. Idan ta ce 221(g), ana jiran wata takarda ne ko ana ƙarin bincike. A wannan halin shafin duba matsayi kan nuna an ƙi, alhali ba a gama ba. Kana da shekara ɗaya ka kai abin da aka nema, kuma su da kansu sun ce a jira kwana 180 kafin a tambayi inda binciken ya kwana, sai dai idan akwai larura ta gaggawa.

Idan shiru ya yi yawa

Farko, duba imel ɗinka kullum, har akwatin tarkace. Sau da yawa an nemi ƙarin takarda ko an sa ranar ganawa ta bidiyo, mutum bai gani ba. Shi ya sa nake cewa imel da lambar wayar da ke fom su zama naka. Kada ka bari mai shagon intanet ko ejan ya sa nasa, kuma kada a tura fom ɗin da ba ka karanta layi-layi ba. Abin da aka rubuta da sunanka, kai za a tambaya.

Na biyu, sanar da jami'a da wuri. Kowace tana da ranar ƙarshe ta yin rajista. Idan ka rubuta musu da lambar takardarka, wasu kan ƙara maka kwanaki, ko su ɗage maka zuwa zangon Janairu idan kwas ɗin na da shi. Ka karanta ƙa'idarsu ta mayar da kuɗi tun kafin ka biya kason farko.

Na uku, kada ka sayi tikitin jirgin da ba a mayar da kuɗinsa, kada Baba ya sayar da gona ko fili don tikiti, sai biza ta fito. Akwai tsarin gaggawa da ake ƙarin kuɗi a samu amsa cikin kwanakin aiki biyar idan akwai gurbi, amma amsa yake hanzartawa, kuma amsar tana iya zama a'a.

Idan Birtaniya ta hana ka, karanta wasiƙar a natse, dalilin yana ciki. In kuskuren jami'i ne, kana da kwana 28 ka nemi a sake dubawa, kuɗinsa fam 80, sai dai yakan ɗauki lokaci kuma galibi ba a karɓar sabuwar hujja. In takardarka ce ta gaza, gara ka gyara ka nemi sabuwar CAS. A fom na gaba kuma, na kowace ƙasa, idan aka tambaye ka ko an taɓa hana ka biza, ka ce e. Suna da hoton yatsunka. Hanin da ya wuce ana iya bayaninsa. Ɓoye shi ne ake lissafawa a matsayin yaudara.

Haka maganar masu "cika asusu", waɗanda ke buga takardar banki ta bogi su karɓi kaso. Ana tuntuɓar bankuna a tabbatar. Ranar da asiri ya tonu, shi ejan ya canza layin waya, kai kuma sunanka da yatsunka ne a rubuce. Ramin ƙarya ƙurarre ne.

Shawarata ga 'yan ND 2 da HND 1: ku samu takarda ku rubuta watan da kuke son fara karatu, ku riƙa ƙirgawa baya. Biza wata uku kafin nan, kuɗi a asusu wata ɗaya kafin biza, gwajin ƙirji da ATAS kafin wannan, fasfo da gyaran suna tun bana. Wanda kuɗinsa bai cika ba a wannan shekarar, ya yi bautar ƙasarsa, ya yi aiki, ya nemi tallafin karatu, ya jira baɗi da takardunsa tsaf. Allah Ya ba mu sa'a, Ya sa jinkirin ya zama alheri.