Ƙaron Gure da Idon Mai Saye

Idan hunturu ya kankama, buji ya lulluɓe duwatsun Muniyo, akwai wata haja da ke shigowa kasuwar Gure ba tare da hayaniya ba. Raƙuma da shanu da ƙura suke isowa daga arewa, wajen Tesker. Kanwa da gishirin mangul a buhuna da amalanke ake kawo su daga kwaruruwan ƙasar Manga, tare da dabino da rogo da rake da kabar goruba. Shi kuwa ƙaro a ƙullin zane yake zuwa, ko a ƙwarya, tiya ɗaya ko biyu, abin da wata mata ko wani yaro makiyayi ya tsinto a daji tsakanin kasuwa da kasuwa.

Gure na kan babbar hanyar Damagaram zuwa Difa, fiye da kilomita 160 gabas da birnin Damagaram. Tsohon gari ne na sarauta. A nan matafiyin nan na Jamus, Heinrich Barth, ya tarar da sarkin Muniyo, Muniyoma Koso, a Disambar 1852, lokacin da gishiri da kanwar wannan yanki ke cika kasuwanni har Kano. Yau ma ana jin Barbarci da Fillanci da Tubanci a rumfuna, amma ciniki da Hausa yake ƙarewa, kuma sefa da naira kan haɗu a aljihu ɗaya.

Mai sayen ƙaro ba ya gaggawar awo. Yakan zube hajar a tabarma, ya baza da tafin hannu, ya zaɓi dunƙule ɗaya ya ɗaga wa rana. Ƙaron dakwara mai kyau kewayayye ne, mai tauri, launinsa daga fari-fari zuwa ruwan zuma, idan aka fasa shi cikinsa yana sheƙi kamar gilashi. Sau da yawa kuma akan hango wani ɗan baƙin abu a can ciki: ɓarɓashin ɓawo, ko tururuwar da ta maƙale tun yana ɗanye. Daga nan ake soma jayayya.

"Inna, kin ga wannan datti? Sai an rage."

"Alhaji, itace ne ya haife shi da abinsa. Albarka."

A ganina matar ta fi shi gaskiya, kuma wata kasuwa mai nisa, wadda ba ta san da Gure ba, tana goyon bayanta. A Antwerp ta Beljiyam, inda ake hada-hadar lu'ulu'u, irin wannan kallon ake yi wa dutse, sai dai da madubin da ke ƙara girman abu sau 10. Cibiyar GIA ta Amurka, wadda aka kafa a 1931, ta kasa tsabtar lu'ulu'u zuwa matakai 11, daga wanda ba a ganin komai a cikinsa har zuwa wanda tabonsa ke bayyana ga ido tsirara. Kusan kowane dutse na da tabo, domin a ƙarƙashin ƙasa ya ƙullu cikin zafi da matsi. Kowane mataki aka sauka, kuɗi na raguwa. Amma ƙyalli ba ya bin kuɗin. Walƙiyar lu'ulu'u daga yanka take fitowa: fuskoki 57 ko 58 da ake sassaƙa wa kewayayyen dutse, bisa lissafin kusurwoyi irin wanda Marcel Tolkowsky ya wallafa a 1919, su ne ke karɓar haske su juya shi su mayar wa ido. Ɗigon da sai da madubi ake ganinsa bai isa ya tare wannan haske ba. Dutse mai ɗan tabo da aka yanka da kyau ya fi tsaftatacce mai mummunan yanka walƙiya nesa ba kusa ba. Abin da ke dusashe shi shi ne hazon da ya game cikinsa duka, ko babban tabo a tsakiyar fuska, ko tsagar da ta kai baki har tana iya karya shi.

Ƙaro ma haka lamarinsa yake. Wanda ya bar wannan yanki ya tsallaka teku, masana'antu irin Nexira da ke Rouen a Faransa narkar da shi suke yi a ruwa, su tace, su busar ya koma gari. Shi ne E414 da ake gani a jikin kwalaben lemo da takardun alewa da magunguna. Ɓawon da Alhaji ya nuna a rariyar farko yake tsayawa. Aibin da rariya ba ta iya kamawa shi ne gauraye. Ƙaron dakwara daban, na dushe daban. Na dushe yana da saurin marmashewa, kuma bai kai na dakwara iya riƙe man ƙanshi cikin ruwan lemo ba, shi ya sa a Sudan ake raba su da suna, hashab da talha, a Nijeriya kuma da lamba ɗaya da lamba biyu, a bar na ciriri da danginsa a lamba uku. In an zuba su a buhu ɗaya, buhun duka ya koma farashin na ƙasa. Haka wanda ya daɗe manne da ɓawo har ya yi duhu, da wanda aka tsince a ƙasa ya sha rairayi, da wanda aka ɗura a tsohon buhun takin zamani.

Abin da ke ci mini rai shi ne yadda ake cinye lokacin ciniki a kan ƙaramin aibi, a bar babban. Mai saye ya san ɗigon ba ya cutar da shi, amma yana ba shi hujjar ragi. Mai tsinta kuma ba wanda ya taɓa ba ta ƙarin dala ɗaya don ta ware dakwara daga dushe, to don me za ta ɗauki ƙwarya biyu zuwa daji?

Ba kowane ƙaro ne ke tafiya ba. Malamin allo na sayen kaɗan ya jiƙa a tawada don rubutu ya kama ya yi sheƙi. Masu wankin hula da shadda na neman mai haske, kada ya ɓata farin yadi. Yara na tsotsa. Waɗannan masu saye kan duba ƙwaya-ƙwaya, kuma sun fi kowa sanin haja.

A shekarun 1960 da 1970 gabashin Nijar, daga Gure zuwa Maine Sorowa, shi ne gidan ƙaron ƙasar, kuma kamfanin gwamnati na Copro-Niger ne ke saye yana fitarwa. Farin 1973 da na 1984 sun kashe dakwara da yawa, sana'ar ta koma tsintar abin da itace ya zubo don kansa. A Sudan, wadda ta fi kowace ƙasa fitar da ƙaro, ana tsaga ɓawon da gangan bayan ɗaukewar damina, a jira makonni kaɗan, a cire dunƙulen daga reshe da hannu, a shanya a inuwa. Yaƙin da ya ɓarke can a Afrilun 2023 ya sa manyan masu saye waiwayen sauran ƙasashen Sahel, kuma dakwarar da ke Kordofan ta Sudan ita ce dai a rairayin Gure.

Da la'asar ƙananan dillalai kan haɗa tiya-tiyar da suka saya su cika buhuna. Mafi yawansu kudu suke nufa, su ƙetare iyaka zuwa kasuwannin Yobe da ɗakunan ajiya na Kano. Can ne mata ke zama a kan tabarmi suna ware fari da ja, tauri da marmashi, suna kankare ɓawo da wuƙa. Bambancin farashi tsakanin lamba ɗaya da lamba biyu a can yake fitowa, a can kuma yake tsayawa, alhali aikin da ya jawo shi bai fi ƙarfin matan da suka tsinto hajar ba.