Bututun Hayaƙin Tanderu: A Gyara Kafin Ya Ci Gida

Mai gidan burodi a zango, Kumasi ne ko Garwa, ka leƙa bututun hayaƙinka. In bulo ya tsage daga ciki, hayaƙi kan bi tsagar har ɗakin da yara ke kwana, kuma gubar da ke cikinsa ba ta da wari. Kunkunniya ma in ta taru, wuta take kamawa.

Gyaran bai fi ƙarfinka ba. Bari tanderu ya huce, ka kankare kunkunniyar, ka zura bututun ƙarfe daga sama, faɗinsa daidai da mafitar hayaƙin, don matsattse ba ya ja. Liƙe mahaɗar da yumɓu da yashi, siminti tsagewa yake in ya sha zafi. Kwanon rufi kuwa a'a, shafen jikinsa guba yake fitarwa in ya ƙone. Kuma kada ka hau sama kai kaɗai.