Sunan Kayan Abincinku: Wa Ke Da Shi?



A 'yan shekarun nan ƙungiyoyin zumuntar mata da na matasa da yawa sun shiga sana'ar abinci. Wasu na tatsar man gyaɗa su yi ƙuli-ƙuli, wasu na tace zuma, wasu garin kunu ko daddawa, akwai kuma waɗanda suka buɗe gidan abinci a bakin tasha. Da zarar kaya sun shiga leda ko kwalba sai a manna musu suna. Tambayar da ba a cika yi ba ita ce, a wurin doka sunan nan na wane ne?

Alamar kasuwanci ita ce suna, ko zane, ko tambari, wanda mai saye yake gani ya san daga hannun wa kaya suka fito. Wanda ya yi mata rajista shi kaɗai ke da ikon amfani da ita a kan irin waɗannan kaya.

Bari mu duba abin da ya faru da manoman gahawa na ƙasar Habasha. Mutane wajen miliyan 15 ne a can suka dogara ga gahawa, kuma masu shanta a duniya sun san sunaye uku: Sidamo, Harar da Yirgacheffe. A 2005 gwamnatin Habasha ta nemi a yi wa sunayen nan rajista a Amurka. Sai ta tarar kamfanin Starbucks, mai dubban shagunan shan gahawa, ya riga ya shigar da tasa takardar tun 2004, ta wani suna mai ɗauke da kalmar Sidamo. Daga baya kamfanin ya janye, amma ƙungiyar 'yan kasuwar gahawa ta Amurka ta yi ƙorafi, ofishin rajista kuwa ya ƙi Sidamo da Harar, Yirgacheffe ce kaɗai ta wuce. Hujjarsu ita ce sunayen sun zama na kowa, kamar a ce “gahawa” kawai.

A watan Oktoba na 2006 ƙungiyar agaji ta Oxfam ta shiga maganar. Ta bayyana cewa akan sayar da fam ɗaya, wato kusan rabin kilo, na irin wannan gahawa har dala 26 a shagunan Amurka, alhali manomi abin da yake samu bai wuce dala ɗaya da 'yan kai ba. Ta zargi Starbucks da hannu wajen tare hanyar, kamfanin kuwa ya musanta. Dubban mutane suka rubuta wa kamfanin. A watan Yuni na 2007 aka sa hannu a kan yarjejeniya, Starbucks ya amince cewa sunayen na Habasha ne. Abin lura, Habasha ba ta nemi a biya ta kuɗin amfani da sunan ba. Abin da ta nema shi ne duk mai sayarwa ya karɓi izini daga wurinta, ya kuma tallata sunan, domin ta sami bakin magana wajen ciniki. Kada a ɗauka takardar ta mai da manoma attajirai dare ɗaya, farashin gahawa har yanzu kasuwar duniya yake bi. Amma ku duba wahalar da ƙasa guda ta sha, mai jakadu da lauyoyi, don kawai wani ya riga ta kai takarda. To, ina ga ƙungiyar mata ashirin a ƙauye?

A Nijeriya akwai rajista iri uku, mutane kuwa na yawan haɗa su. Ta hukumar CAC rajistar sunan sana'a ce ko kamfani, da ita ake buɗe asusun banki. Lambar NAFDAC, hukumar da aka kafa a 1993, tana nuna an duba abincin an yarda a sayar. Ko ɗaya cikin biyun nan ba ta ba ku mallakar sunan da ke jikin kwalba. Wannan aikin ofishin rajistar alamun kasuwanci ne da ke Abuja, a ƙarƙashin Ma'aikatar Masana'antu, Ciniki da Zuba Jari ta Tarayya, bisa dokar da aka yi tun 1965. Sau da yawa ma NAFDAC kan nemi shaidar wannan rajistar kafin ta ba da lamba.

Ana fara da bincike, a ga ko wani ya riga ya ɗauki sunan ko mai kama da shi. Sai a shigar da takarda. Idan ofishin ya amince, za a buga alamar a mujallarsa, a ba jama'a wata biyu ko akwai mai ja. In babu, a ba da takardar shaida. Rajistar farko shekara 7 take yi, bayan haka a riƙa sabuntawa duk shekara 14. Alamar da aka bari shekara 5 ba a amfani da ita, ana iya neman a soke ta.

An kasa kaya da ayyuka rukuni 45, kuma kowane rukuni da kuɗinsa. Man gyaɗa, nono da nama suna rukuni na 29. Gari, zuma, burodi da kayan yaji na 30. Gidan abinci na 43. Ƙungiyar da ke yin mai da zuma, ke nan rajista biyu ke gabanta. Idan kuɗi bai kai ba, a fara da abin da ya fi kawo ciniki.

Zaɓen suna shi ne inda na fi so ku yi hattara. “Zuma Mai Kyau” ko “Man Gyaɗa Tsantsa” ba za su karɓu ba, domin kowane mai zuma yana da 'yancin cewa tasa mai kyau ce. Sunan gari ko na yanki shi kaɗai ma yana da wuyar wucewa, wannan na cikin abin da ya ba Habasha wahala. Mu masu bi muna son sunaye irin su Alheri, Salama da Albarka, amma ku zagaya kasuwa ku ƙirga shaguna nawa ke ɗauke da su. Gara ku ƙirƙiro suna na kanku, ku haɗa shi da zane da launi waɗanda ko wanda bai iya karatu ba zai gane daga nesa. Haka kuma kada mu kwaikwayi leda ko harufan wani sanannen kamfani don jawo masu saye. Wannan ruɗin maƙwabci ne, kuma yana iya kai mutum kotu.

Wanda bai yi rajista ba yana iya kai ƙara idan wani ya sayar da kayansa da sunan cewa nasa ne, amma sai ya kawo shaidar cewa jama'a sun san shi da sunan, a kotu, da kuɗin lauya. Saboda haka tun yau magatakarda ya adana rasit na buga leda, da hotunan kaya, da littafin ciniki mai kwanan wata.

Abu na ƙarshe na cikin gida ne. A yi rajistar da sunan ƙungiya, bayan ita kanta ta yi rajista a matsayin ƙungiyar gama kai, ba da sunan shugaba ko fasto ba, komai amincinsu. Shugabanci yana canzawa, ana yi wa fasto canjin wurin aiki, mutum yana rasuwa magada su taso. A rubuta cikin dokokin ƙungiya cewa wanda ya fita ba ya tafiya da sunan, kowa ya sa hannu a gaban dattawan ikilisiya, a ajiye kofe ɗaya a ofishin majami'a.