Bencin gefe a tsohuwar mota: doka ta bari, haɗari bai bari ba

A Birtaniya, mai tsohuwar Land Rover yana iya ɗaukar manya a kan bencinan baya masu fuskantar juna, doka ba ta hana shi ba. Tun 2007 Tarayyar Turai ta daina yarda a fito da sababbin ƙananan motoci masu irin wannan mazauni, amma ba ta waiwayi waɗanda suka riga suka hau titi ba.

Sai dai halacci daban, aminci daban. An tsara bel ne domin jikin da ke fuskantar gaba. In aka yi karo, na zaune a kaikaice gefe zai wurgu, kansa ya gwaru da na maƙwabcinsa, bel ɗin ma yana iya ji masa ciwo. Shi ya sa aka haramta ɗaura kujerar yaro a wurin. Dokar hanyarsu ta 1988 kuwa ta ba da damar gurfanar da direban da ya ɗauki mutane ta yanayi mai haɗari.

A ganina wannan sashen ne ya shafe mu. Akori-kurar da ke kai jama'a kasuwar ƙauye bisa bencin katako ba ta hanuwa, domin sau da yawa ita kaɗai ke iya hanyar. Amma ƙayyade lodinta da gudunta yana hannun Hukumar Kiyaye Haɗurra.