Wutsiyar Kalmar Turanci: Jagora Ga Hakimai Da Malamansu

Tun da aka kafa Jihar Jigawa a shekarar 1991, daga Dutse takardun Gwamnati su ke fitowa zuwa ga hakiman ƙasar Kazaure, wato na 'Yankwashi da Roni da Gwiwa, da kuma maƙwabtansu na Ɓaɓura ta ƙasar Ringim. Da yawa daga cikinsu da Turanci a ke rubuto su. In malamin hakimi ya kuskure fassara, to, da wannan kuskuren za a umurci dagatai, su kuma su sanar da masu unguwa, talakawa su sha wahala a banza. Sau da yawa harufa uku ko huɗu na ƙarshen kalma su ke jawo wannan ɓarna.

Yadda Abin Ya Ke

Masana nahawu sun raba kalmomi aji aji: akwai suna, akwai aikatau, akwai sifa. Ɗan ƙarin da a ke liƙa wa kalma a ƙarshe, wanda su ke kira ɗafa-ƙeya, ya kan fitar da ita daga wani aji zuwa wani. Wannan ba baƙon abu ba ne ga Bahaushe. Dafa aiki ne, amma dafaffe sifa ce. Mu kan sa mai ko maras a gaban suna, mu ce mai amfani, maras amfani. Bature kuwa a wutsiya ya ke sa nasa.

Waɗanda Aka Fi Gamuwa Da Su

1. -ful da -less. Na farko shi ne mai, na biyu maras. Harm cutarwa ce, harmful mai cutarwa, harmless maras cutarwa. A dubi hatsarin sauya su cikin sanarwar maganin ƙwari na gona.

2. -able. Yana mai da aikatau sifa, ma'anarsa abin da za a iya yi, ko wanda ya wajaba a yi. Pay shi ne biya. Payable kuɗin da ya wajaba a biya ne, paid kuwa wanda aka riga aka biya. Notify shi ne sanar da. Notifiable disease ita ce cutar da doka ta tilasta a kai rahotonta.

3. -al da -ous. Nation ƙasa, national na ƙasa. Poison guba, poisonous mai guba. In likitan dabbobi ya rubuto infected, dabbar ce ta kamu, amma infectious cutar ce mai yaɗuwa cikin garke.

4. -ly. A jikin sifa yana nuna yadda aka yi aiki: quick mai sauri, quickly da sauri. A jikin suna kuwa sifa ya kan haifar: month wata, monthly report rahoton wata wata.

Dalilin Yawansu

Irin su -ful da -less 'yan gida ne, tun tsohon Turanci su ke. Amma -able da -ous da -al daga Latin su ka fito, galibi ta hanyar Faransanci, bayan da Normawa daga Faransa su ka ci Ingila da yaƙi a 1066. Da ya ke Faransanci da Latin sun daɗe su ne harsunan shari'a da mulki a can, shi ya sa takardun ofis su ke cike da su har yau.

Gargaɗi

Ba kullum ƙa'ida ta ke tafiya daidai ba. Price farashi ne, amma priceless ba kyauta ba ne, abin da darajarsa ta wuce a yi masa kuɗi ke nan.

Saboda haka a ke roƙon kowane malami ya karanta kalma har ƙarshenta, ya ware tushe daga wutsiya, sa'an nan ya fassara. In ya yi shakka ya duba ƙamus, kamar Ƙamus na Turanci da Hausa na Neil Skinner wanda ya fito a 1965. Hakimai kuma, Allah ya ja zamaninku, in takarda ta shafi kuɗi ko cuta, ku sa a maimaita muku fassarar kafin ku sa hannu. Tambaya ba ta rage girman ma'aikaci.